Yadda Ake Sayar da Gidan da Ambaliya ko Gobara ta Lalata a Yadda Yake, Kuɗi Hannu

Duk wanda ya zauna a Sakkwato a watan Satumban 2010 yana tuna yadda ruwan Rima ya taso daga wajen madatsar Goronyo, ya mamaye garuruwan bakin fadama, ya kuma yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tun daga lokacin da wuya damina ta wuce ba a ji labarin gidajen da suka zube ba, ko dai a yankunan Goronyo, Wurno, Kware da Silame, ko kuma a cikin birni inda magudanan ruwa suka toshe. Ga iskar farkon damina mai yaye kwano, ga gobarar hunturu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ta faɗa wa magidanci, wani yana da halin gyara, wani kuwa abin da ya rage masa shi ne ya sayar da gidan a yadda yake ga wanda zai biya nan take, ya nemi inda zai tsugunar da iyalinsa.

Wannan ciniki halal ne, kuma babu abin kunya a cikinsa, sai dai mai sayarwa yana shigarsa ne a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni. Iyalinsa suna raɓe a gidan 'yan'uwa ko a ajin makarantar firamare, kuma duk mai tayi ya san da haka. Saboda haka abu na farko shi ne kada ka sallama a cikin makon da abin ya faru, komai daɗin bakin wanda ya zo jaje ya ɓuge da tayi. Ka yi amfani da waɗannan kwanaki wajen ɗaukar hotuna da bidiyon kowane ɗaki, tun alamar inda ruwa ya kai tana nan a jikin bango, ka kuma tabbatar sunanka ya shiga jerin da jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ko ta ƙasa (NEMA) ke ɗauka ta hannun mai unguwa, domin wanda ya riga ya sayar ya tashi da wuya a neme shi ranar rabon tallafi. Idan gobara ce, ka nemi rahoton hukumar kashe gobara. Idan kana cikin 'yan ƙalilan da suka yi wa gidansu inshora ko takaful, ka sanar da kamfanin tun ba a taɓa komai ba, kuma kada ka yi maganar sayarwa sai jami'insu ya zo ya gani. Abin da ya rage a tsaye kuwa a rufe kansa da tamfol, musamman ginin ƙasa, wanda ruwan sama guda ɗaya mai ƙarfi zai iya mayar da shi daga gida mai gyaruwa zuwa kango.

Daga nan sai ka zauna ka gane abin da kake sayarwa. Abubuwa biyu ne a hannunka, fili da kuma ginin da ke kansa, kuma bala'in bai taɓa su daidai da juna ba. Gobara tana cin gini amma ba ta rage darajar fili, haka ma iska. Ambaliya kuwa tana cin duka biyun, domin ta nuna wa kowa cewa ruwa ya san hanyar wurin. Gidan da ke tsakiyar gari kusa da kwalta, a unguwanni irin su Runjin Sambo ko Arkilla, mafi yawan kuɗinsa a filin yake, kuma mai saye yana iya rushe abin da ya rage ya gina shaguna ko gidan haya. Gidan da ke gangaren fadama lissafinsa daban ne.

Ka kira magini da ka yarda da shi, wanda ba shi da alaƙa da mai tayi, ya duba ya faɗa maka adadin bulo, siminti, rodi, katako da kwanon da gyaran zai ci. In gidan bene ne ko mai rufin kankare, magini bai wadatar ba, sai injiniya, domin zafin wuta yana raunana kankare da rodin da ke cikinsa ta yadda ido ba zai gani ba, ruwa kuma yana iya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin harsashin gini alhali bango yana tsaye kamar lafiya lau. Bayan haka ka bincika nawa aka sayar da fili mai girman naka a layinku ko a layin da ke kusa cikin 'yan watannin nan. A ce, don misali kawai, gidan da lafiyarsa zai yi naira miliyan 20, gyaransa kuma zai ci miliyan 6. Mai saye ba zai ba ka miliyan 14 ba, domin zai ware ribarsa da kasadar abin da zai tarar idan ya fara tono, wataƙila ya tsaya a miliyan 11 ko 12. To amma idan fili tsura a wurin yana kai miliyan 9, kwashe ɓaraguzai kuma zai ci miliyan 1, ka san cewa duk tayin da ya gaza miliyan 8 yana nufin an karɓi filinka a ƙasa da kuɗinsa, an kuma haɗa da ƙofofi, tagogi, kwano da azara kyauta. Wanda ya riƙe waɗannan lambobi biyu a kansa, na sama da na ƙasa, yana iya cewa albarka ba tare da zuciyarsa ta karaya ba. Idan gidan babba ne, kuɗin da za ka ba ƙwararren mai ƙiyasin kadarori ya rubuta maka rahoto ba asara ba ne.

Kafin maganar ta fita waje, a tabbatar wane ne mai gidan. Yawancin tsofaffin gidajen ƙasa da ruwa ke kayarwa a cikin gari gidajen gado ne da ba a raba ba, kuma wanda ke zaune a ciki yakan manta cewa yana da 'yan'uwa mata a gidajen aurensu da ƙane a Legas ko a Ƙonni. Babu wanda ya isa ya sayar da rabon wani sai da wakilci bayyananne, rabon marayu kuwa sai da izinin alƙali. Akwai kuma haƙƙin shufu'a, wanda a mazhabar Malikiyya yake ga abokin tarayya a kadarar da ba a raba ba: idan ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da damar su biya kuɗin da baren ya biya su karɓe. Wanda yake gari kuma ya sani, haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa ko da tafiyar ta yi tsawo. Mai saye mai wayo ya san wannan, kuma ko dai ya janye ko ya rage kuɗi sosai. Hanya mafi sauƙi ita ce a je kotun shari'a a raba gadon ko a samu amincewar kowa a rubuce, a kuma fara yi wa 'yan'uwa tayi, in sun ce ba su iyawa sai su sa hannu a kan haka.

Takardu su ne na biye, kuma sau da yawa ruwan ko wutar ta haɗa da su. Idan takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ta ƙone ko ta jiƙe ta lalace, za ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka samo rahoton 'yan sanda, sannan ka nemi kwafin da aka tabbatar daga ma'aikatar filaye ta jiha. Idan gidan bai taɓa samun irin wannan takarda ba, sai ka tattara abin da ke akwai: takardar cinikin da aka yi a da, takardar rabon gado, takardar ƙaramar hukuma, da shaidar mai unguwa da hakimi. Inda ruwa ya shafe iyaka, a kira maƙwabta a sake tsayar da ita tun dattawan da suka san wurin suna kusa, in da hali a kawo safiyo. Gidan da aka jinginar wa banki kuwa ba ya sayuwa sai an biya bashin an karɓo takardunsa, ko an shigar da bankin cikin cinikin.

Yanzu sai mu zo kan kalmar da ta fi jawo rigima, wato "a yadda yake". Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an furta ta a gaban shaidu, mai sayarwa ya wanke hannunsa daga komai. Ma'anarta kawai ita ce ba za ka gyara komai ba kafin ka miƙa makulli, kuma mai saye ya yarda da haka. Ba ta ba ka damar yin shiru a kan aibin da ka sani ba. A cikin Sahihu Muslim an rawaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya wuce wani tarin abinci da ake sayarwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, aka kuma faɗa masa cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Abin lura a nan shi ne ba a zargi mutumin da jiƙa kayan ba, ruwa daga sama ya zo kamar yadda ya zo wa gidanka. Ɓoyewar ce laifin.

Malaman Malikiyya, waɗanda da littattafansu alƙalanmu ke hukunci, sun ƙara tsaurara maganar. A cikin Mukhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa wanda ya san aibi a hajarsa dole ya faɗi cewa akwai shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma kada ya dunƙule maganar. Saboda haka cewa "gidan nan duk ya lalace, ka duba da idonka" bai wadatar ba idan kai ka san cewa bangon gabas ya rabu da harsashinsa. Haka kuma sun bambanta aibin gida: akwai matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron ta kayar da gidan, wanda mai saye zai dawo a rage masa kuɗi gwargwadonsa, akwai kuma babba wanda ke ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa gaba ɗaya. Ka ƙaddara an dawo maka da kango bayan wata takwas, kuɗin kuma ka riga ka zuba su a wani ginin. Wannan shi ne haɗarin da mai ɓoye aibi ke saya wa kansa da ɗan ƙarin da ya samu.

Maganinsa takarda ce guda ɗaya. Ka zauna ka rubuta duk abin da ka sani, ɗaki bayan ɗaki, da Hausar da kowa zai gane, ko da boko ko da ajami. Ka faɗi tsayin da ruwa ya kai da kwanakin da ya yi a kwance, da kuma ko wannan ne karo na farko ko ya saba shigowa duk shekarar da damina ta yi ƙarfi. Ka ambaci bangon da ya tsage da wanda ya karkata, da daɓen da ya lotsa, da shaddar da ta cika ta tumbatsa ko ta rufta, da rijiyar da ruwan kwata ya shiga. In wuta ce, ka faɗi inda ta tashi da abin da ake zaton ya tayar da ita, da ɗakunan da wayoyin lantarkinsu suka narke a cikin bango. In hukumar tsara birane ta taɓa sa wa gidan jan fenti, ko an taɓa gaya muku cewa yana kan hanyar ruwa, wannan ya fi duk sauran muhimmanci, domin a ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978 gwamna yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ana lissafa ta ne a kan abin da aka gina ko aka shuka a wurin, wanda a kango bai taka kara ya karya ba. Ka haɗa takardar da hotunan da ka ɗauka da ƙiyasin magini, ka zagaya da mai saye da rana tsaka yana riƙe da ita, ka bar shi ya kawo nasa maginin, sannan ya sa hannu cewa ya gani ya yarda. Kada ka yi fenti ko sabon yaɓe a kan tsaga kafin a zo dubawa. Abin mamaki shi ne irin wannan takarda takan gaggauta ciniki, domin mai saye da ya ga an faɗa masa mafi munin abin da ke akwai yakan daina ƙara wa kansa ragi saboda tsoron abin da bai sani ba.

Masu sayen irin wannan gida iri-iri ne. Maƙwabcin da ke son faɗaɗa gidansa shi ne sau da yawa ya fi kowa biya, tun da filin ya fi masa amfani fiye da kowa, kuma ko ba don haka ba, ladabin zaman tare ya sa a fara sanar da shi. Akwai masu gina gidajen haya, akwai kuma 'yan kasuwar filaye da ke saye da araha su ajiye. Kada ka tsaya a kan mutum ɗaya. Tayi uku daga mutanen da ba su san juna ba sun fi kowace shawara nuna maka gaskiyar kasuwa. Idan za ka sa dillali, ku daidaita la'adarsa tun farko a gaban shaida. Galibi ana maganar kashi 5 cikin 100, amma ba doka ba ce, kuma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne ka haɗu da mai saye ido da ido ka ji kuɗin daga bakinsa, domin akwai dillalin da zai sallama maka a miliyan 9 alhali ya karɓi 11 a can. Lokaci ma yana da tasiri: a watan Agusta kowa na tsoron ruwa kuma aikin gini ya tsaya, bayan kaka kuwa kuɗi sun shigo hannun jama'a, ƙasa ta bushe, magina sun koma aiki. Wanda ginin bulo ne gare shi kuma yana da wurin zama zai iya jira. Mai ginin ƙasa da rufi ya yaye ba lallai jiran ya amfane shi ba.

Idan an daidaita, mai saye yakan ba da kafin alƙalami. A rubuta adadinsa da ranar da za a cika sauran, a kuma rubuta cewa idan ranar ta wuce ciniki ya warware. Ka sani cewa a Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don an fasa ciniki ba, saboda haka kada ka taɓa kuɗin sai an cika, kuma ka sa wa'adin ya zama gajere, mako ɗaya ko biyu, don kada a ɗaure maka gida a hana ka sauraron wasu. Wanda ya zo da sunan kuɗi hannu sannan ya fara maganar biya kashi uku, ya sauya cinikin, kai ma kana da damar sauya farashin.

Kuɗi hannu kuma ba ya nufin a zo da buhu a zube a zaure. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi da suka haura naira miliyan 5, ko miliyan 10 ga kamfani, sai ta hanyar banki. Ko babu doka, kwana da irin wannan kuɗi a gidan aro bayan duk unguwa ta ji an yi ciniki ba hankali ba ne. Ku haɗu a banki a ranar aiki, a tura kuɗin daga asusun da ke ɗauke da sunan mai saye zuwa naka, ka kuma sa ma'aikacin banki ya fitar maka da bayanin asusu ka ga kuɗin sun zauna. Saƙon waya ko hoton rasidi ba hujja ba ne, ana ƙirƙirarsu. In caki ne, sai ya fashe. Takardun asali ba sa barin hannunka kafin wannan.

Takardar cinikin kanta lauya ya kamata ya rubuta, kuma naka lauyan ya karanta ta ko da na mai saye ne ya tsara. Ta ƙunshi sunayenku, iyakokin gidan ta fuskoki huɗu, kuɗin da aka biya na gaskiya, ranar miƙa gida, da jumlar da ke cewa an sayar a yadda yake bisa aibobin da aka lissafa a takardar da aka liƙa. A fayyace abin da za ka cire, kamar injin ruwa, tanki ko ƙofar ƙarfe, da wanda zai kwashe ɓaraguzai, domin idan ragowar bango ta faɗa wa gidan maƙwabci bayan ciniki za a tambayi wanda alhakin ke kansa. Shaidu su kasance daga ɓangarorin biyu, tare da mai unguwa. Idan gidan yana da C of O, sashe na 22 na dokar 1978 ya wajabta samun amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannun wani, kuma a doka nauyin nema yana kan mai sayarwa ko da an saba mai saye ne ke biyan kuɗin. Wasu 'yan kasuwar filaye sukan nemi ka ba su takardar wakilci kawai don su sayar gaba ba tare da sun sauya suna ba. Ka guje wa wannan, domin muddin sunanka ne a fayil, kuɗin ƙasa da duk wata ƙara da ta taso kai za su nema.

Ranar miƙa makulli ka biya bashin wuta da na ruwa ko a cire shi daga kuɗin a rubuce, ka sanar da ofishin Kaduna Electric da ke kula da unguwarku cewa mitar ta sauya hannu, ka ɗauki hoton gidan a halin da ka bar shi. Kwafin takardar ciniki, takardar aibobi mai sa hannun mai saye, da bayanin banki, ka yi musu hoto a waya, ka kuma ajiye kwafi guda a wurin wani ɗan'uwa da gidansa ke kan tudu.